Tarihin Hanyar Jirgin Sama Tsakanin Landan da Paris

Tazarar da ke tsakanin filin jirgin sama na Heathrow a Landan da na Charles de Gaulle a Paris ba ta wuce kilomita 350 ba idan aka auna ta miƙe a sararin sama. Kusan daidai take da nisan Kano zuwa Abuja a jirgi. Duk gajartar nan tata, tana cikin tsofaffin hanyoyin jirgin fasinja na duniya, domin a kanta aka fara jigilar mutane kullum daga wata ƙasa zuwa wata bisa jadawali. Nisan bai taɓa canjawa ba, lokacin tafiyar ne ya yi ta sauyawa. Ya faro daga kusan awa huɗu, ya sauko ƙasa da awa guda cikin shekaru talatin, daga nan kuma ya cije, har ma ya ɗan ƙaru.

Abin da ya raba biranen biyu shi ne mashigin tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa. A wuri mafi ƙunci, wato tsakanin Dover da Calais, faɗinsa kamar kilomita 34 ne, har idan gari ya washe mutumin da ke gaɓar Faransa yana hango fararen duwatsun gaɓar Ingila. A farkon ƙarni na 20 mai zuwa Paris daga Landan sai ya hau jirgin ƙasa zuwa bakin teku, ya sauka ya shiga jirgin ruwa, ya sake hawa wani jirgin ƙasan a ɗaya gaɓar. Tafiyar kan ci awa bakwai ko fiye, kuma ranar da teku ta tashi fasinjoji kan isa a galabaice da jiri da amai. Wannan wahala ce ta sa tun kafin a ƙera jirgi mai inji ake kwaɗayin tsallake ruwan ta sama.

Waɗanda suka fara yin haka su ne Jean-Pierre Blanchard, Bafaranshe, da wani likita Ba'amurke mai suna John Jeffries, ranar 7 ga Janairun 1785. Sun tashi daga Dover cikin kwandon da aka rataya a jikin ƙatuwar balan-balan mai iskar gas. Da suka kai tsakiyar ruwa balan-balan ɗin ta fara yin ƙasa, suka shiga jefar da duk abin da ke da nauyi, har suka kai ga tuɓe wasu tufafin jikinsu. Bayan kamar awa biyu da rabi suka sauka a dajin Guînes, kusa da Calais. Bajinta ce babba, amma ba ta buɗe hanya ba, saboda balan-balan inda iska ta ga dama take zuwa.

Sai bayan shekara 124 jirgi mai inji ya ƙetare. Jaridar Daily Mail ta Landan ta sa ladan fam 1,000 ga duk wanda ya fara yi. Hubert Latham ya gwada ranar 19 ga Yulin 1909, injinsa ya mutu, ya faɗa cikin teku, jirgin ruwan sojan Faransa ya tsamo shi. Kwana shida bayan haka, da asubahin 25 ga Yuli, Louis Blériot ya tashi daga wani fili kusa da Calais a jirgin da ya ƙera da kansa, na katako da zane da waya, mai inji mai ƙarfin doki 25. Ƙafarsa na ɗauke da ƙuna daga wani gwaji da ya yi a baya, har da sanda yake dogarawa. Ba shi da na'urar nuna alƙibla, kuma ya yi kusan minti goma a tsakiyar mashigin ba ya ganin komai sai ruwa da hazo. Ya dira a wani fili kusa da ganuwar Dover bayan kamar minti 37, saukar da ta karya masa farfela da ƙafafun jirgin. Washegari labarin ya cika jaridun Turai, masu mulkin Birtaniya kuma suka gane cewa tekun da ta daɗe tana kare su daga abokan gaba ta daina zama katangar da suka sani.

Haɗa biranen biyu ya fi tsallake ruwan wuya. A watan Agustan 1910 John Moisant ya taso daga Paris da makanikensa, ya zama na farko da ya ƙetare mashigin a jirgi mai inji ɗauke da fasinja, amma lalacewar inji da rashin kyawun yanayi suka riƙe shi a hanya, bai shiga Landan ba sai bayan kusan mako uku. Wanda ya fara yin tafiyar ba tare da ya yada zango ba shi ne Pierre Prier, ranar 12 ga Afrilun 1911, daga Hendon a arewacin Landan zuwa Issy-les-Moulineaux a gefen Paris, cikin awa 3 da minti 56. Da wannan adadi ake auna duk abin da ya biyo baya.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya dakatar da irin waɗannan gwaje-gwaje, amma da ya ƙare a 1918 ya bar wa ƙasashen biyu dubban jirage da matuƙa da makanikai marasa aikin yi. Tun farkon 1919 rundunar sojan saman Birtaniya ta riƙa kai jami'an gwamnati da takardu taron sulhun da ake yi a Paris. Ranar 8 ga Fabrairun shekarar Lucien Bossoutrot ya tuƙo wani babban jirgin Farman Goliath daga kusa da Paris zuwa Kenley a kudancin Landan, fasinjojinsa kuwa duk sojoji ne, domin a lokacin Birtaniya ba ta ɗage haramcin tashin jiragen farar hula ba.

Ranar da tarihin sufuri ya fi riƙewa ita ce 25 ga Agustan 1919. Da safiyar ranar wani jirgi ƙirar DH.4A na kamfanin Aircraft Transport and Travel, wanda George Holt Thomas ya kafa, ya tashi daga filin ciyawa na Hounslow Heath a yammacin Landan. Asalinsa jirgin jefa bam ne, aka gyara bayansa aka yi ɗan akurkin da zai ɗauki mutum biyu, matuƙin kuwa, Bill Lawford, yana gaba a buɗe, iska na dukansa. Fasinja ɗaya ne tak a ciki, wani ɗan jarida mai suna George Stevenson-Reece. Sauran kayan su ne ɗaurin jaridu, da fata, da wasu tsuntsayen daji da aka harbo, da tukwanen kirim ɗin madara irin na yankin Devon. Bayan awa biyu da rabi jirgin ya sauka a filin Le Bourget na Paris. A ranar kuma wani jirgin kamfanin ya bi bayansa da fasinja huɗu. Kuɗin tafiya ɗaya fam 21 ne, abin da ƙaramin ma'aikaci kan yi makonni bai samu ba. Kamfanin Handley Page ya shigo hanyar a farkon Satumba da nasa tsofaffin jiragen yaƙin, kamfanonin Faransa su ma suka fara tasowa daga ɗaya gefen.

Tafiyar ta wancan zamani sai mai ƙarfin hali. Ana auna nauyin fasinja tare da kayansa kafin ya hau, a ba shi auduga ya toshe kunne saboda rugugin inji, da sanyi kuma sai ya ƙudundune cikin manyan riguna. Matuƙi da idonsa yake gane hanya. Daga Landan yakan bi layin dogon da ya miƙe daga Redhill ta Tonbridge zuwa Ashford, har aka rubuta sunayen wasu tashoshin da manyan haruffa a kan rufinsu domin a karanta daga sama. Idan inji ya fara tari sai a nemi gona a sauka a gyara. A ƙarshen Maris na 1920 aka mayar da zirga-zirgar zuwa Croydon a kudancin Landan, inda a shekarar aka kafa wata rumfar katako a kan dogayen ƙafafu domin lura da tashi da saukar jirage, wadda ake ɗauka a matsayin hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage ta farko.

Kasuwar ba ta ɗore da kanta ba. Gwamnatin Faransa tana tallafa wa kamfanoninta da kuɗi, su kuma suka karya farashi. Winston Churchill, ministan harkokin sama na Birtaniya a lokacin, yana kan ra'ayin cewa dole sufurin farar hula ya tsaya da ƙafarsa. Kamfanin Holt Thomas ya durƙushe a ƙarshen 1920, zuwa ƙarshen Fabrairun 1921 kuwa babu jirgin fasinjan Birtaniya ko ɗaya da ke tashi zuwa Paris. Sai da gwamnati ta sauko ta ba da tallafi aka koma aiki bayan kamar mako uku. Wannan darasi ya kai ga haɗe kamfanoni huɗu a 1924 aka kafa Imperial Airways, kamfanin da daga baya jiragensa suka fara sauka Kano ta hanyar Khartoum a 1936. Faransa ita ma ta haɗe nata a 1933 ta kafa Air France.

Bin hanya da ido yana da haɗarinsa, kuma a wannan hanya aka fara ganinsa ƙiri-ƙiri. Ranar 7 ga Afrilun 1922, cikin hazo da yayyafi, wani jirgin kamfanin Daimler mai ɗauke da wasiƙu ya nufi Paris, wani Goliath na Faransa kuma ya nufi Croydon. Dukansu sun sauko ƙasa-ƙasa domin kada hanya ta ɓace musu, kuma dukansu titin mota ɗaya suke bi, ɗaya daga arewa, ɗaya daga kudu. Suka yi taho-mu-gama a kusa da garin Grandvilliers, arewa da Beauvais a Faransa. Mutum bakwai da ke cikin jiragen biyu duk suka rasu, ciki har da wani yaro mai hidimar fasinja da wasu ango da amarya Amurkawa. Wannan ne karo na farko da jiragen fasinja biyu suka yi karo a sama. Bayansa matuƙan ƙasashen suka zauna a Croydon, aka amince kowa ya riƙa bin hannun dama na titi ko layin dogon da yake bi, aka tsayar da hanyoyi sanannu, aka kuma matsa a sa rediyo a jiragen fasinja. Kalmar neman agajin gaggawa da matuƙan duniya ke faɗa har yau, wato Mayday, ita ma daga Croydon ta fito. Wani jami'in rediyo na Croydon, Frederick Stanley Mockford, shi ya zaɓo ta daga lafazin Faransanci mai nufin a taimake ni, domin yawancin jiragen da yake magana da su tsakanin Croydon da Le Bourget suke kai da kawo, ana son kalmar da kowane ɓangare zai gane.

Daga tsakiyar shekarun 1920 gasar ta koma kan jin daɗin fasinja. A 1927 Imperial Airways ya ƙaddamar da tafiyar alfarma mai suna Silver Wing, inda ma'aikaci ke raba abincin rana a sama. A 1931 aka kawo Handley Page HP.42, ƙaton jirgi mai fiffike biyu, ɗaya bisa ɗaya, da inji huɗu, wanda ke ɗaukar fasinja 38 a hanyoyin Turai. Gudunsa bai wuce kilomita 160 a awa ba, saboda haka har yanzu tafiyar na cin awa biyu da wani abu, ranar da iska ke busowa daga gaba kuma ta fi haka. Idan aka haɗa da motar da ke kai fasinja Croydon da wadda ke ɗauko shi daga Le Bourget, daga tsakiyar birni zuwa tsakiyar birni kusan awa huɗu ne. Duk da haka ya fi jirgin ƙasa da na ruwa sauri nesa ba kusa ba, kuma har yaƙi ya ɓarke a 1939 irin wannan jirgi bai taɓa halaka fasinja ba. Ana gab da yaƙin jirage masu fiffike ɗaya da santsin jiki suka shigo, irin su de Havilland Albatross, wanda a ƙarshen 1938 ya yi tafiyar cikin ƙasa da awa guda.

Yaƙin Duniya na Biyu ya rufe hanyar, ya kuma bar mata wani gado da matafiya ke karo da shi har gobe. Daga 1911 har zuwa yaƙin agogon Faransa da na Birtaniya ɗaya suke. Da Jamus ta mamaye Faransa a 1940 sai ta ɗora ta a kan agogon Berlin, bayan yaƙin kuma ba a koma na da ba. Shi ya sa Paris ke gaban Landan da awa guda. Mai duba tikiti zai ga kamar zuwa Paris na cin awa biyu da minti ashirin, dawowa kuma minti ashirin kacal, alhali tafiyar ɗaya ce.

Bayan yaƙi Croydon ya yi wa sababbin jirage kaɗan, gidaje sun kewaye shi, babu wurin shimfiɗa dogon titin sauka. Heathrow ya fara karɓar jiragen farar hula a 1946, aka rufe Croydon a ƙarshen Satumban 1959. A Paris aka karkata zuwa filin Orly, sannan aka buɗe Charles de Gaulle a watan Maris na 1974. Saboda gajartar hanyar da yawan fasinjanta, ta zama fagen gwada sababbin abubuwa. Ranar 29 ga Yulin 1950 kamfanin BEA na Birtaniya ya tashi da jirgin Vickers Viscount daga filin Northolt na Landan zuwa Le Bourget da fasinja 14, karo na farko da jirgi mai sabon nau'in inji na tabain ya ɗauki fasinja bisa jadawali, ya kuma isa cikin minti 57. A watan Yunin 1965 wani jirgin Trident da ya taso daga Paris ya dira Heathrow da fasinjoji, na'ura ce ta ajiye shi a kan titi, abin da ke da muhimmanci ƙwarai ga birni mai yawan hazo kamar Landan. Jirgin Airbus na farko, A300, shi ma a wannan hanya Air France ya fara aiki da shi, ranar 23 ga Mayun 1974.

Gasar da Daily Mail ta shirya a Yulin 1959, domin cikar tsallaken Blériot shekara 50, ita ta fi nuna inda matsalar ta koma. An ce a ga wanda zai fi sauri tsakanin Marble Arch a tsakiyar Landan da Arc de Triomphe a tsakiyar Paris, ta kowace hanya ya ga dama. Wani hafsan sojan saman Birtaniya, Charles Maughan, ya lashe ta da minti 40 da daƙiƙa 44. Babur ya fitar da shi daga cunkoson gari, jirgi mai saukar ungulu ya kai shi filin soja, jirgin yaƙi ƙirar Hunter ya tsallaka da shi, wani mai saukar ungulun da wani babur suka ƙarasa da shi. Dabarar duk tana wajen rage lokacin ƙasa, domin na sama ya riga ya zama ɗan kaɗan.

Dalilin da ya sa lokacin sama ya daina raguwa a fili yake. Jirgin fasinja na zamani yana gudun kilomita 800 zuwa 850 a awa idan ya kai ƙololuwa, kuma da wannan gudu kilomita 350 ba za ta kai rabin awa ba. Amma a gajeriyar hanya jirgi bai gama hawa ba zai fara shirin sauka. Ƙasa da tsayin mita 3,000 akwai ƙa'idar da ta taƙaita gudu zuwa kamar kilomita 460 a awa, kuma ba a bin miƙaƙƙen layi, sai hanyoyin da masu kula da sararin sama suka shata. Don haka jirgi kan yi minti 40 zuwa 50 a sama. A Heathrow titin sauka da tashi biyu ne kawai ga filin da fasinja sama da miliyan 80 suka bi ta cikinsa a 2019, saboda haka jirgin da ya iso yakan yi ta kewaye a ɗaya daga wuraren jira huɗu da ke kewayen Landan kafin layi ya zo kansa. A Charles de Gaulle kuma filin yana da faɗi sosai, tafiyar jirgi a ƙasa daga titi zuwa ƙofar sauke fasinja kan ci minti goma ko fiye. Kamfanoni suna lissafa duk wannan, shi ya sa jadawalin yau ke nuna awa ɗaya da minti 15 zuwa 20.

Abin da ke wajen jadawalin ya ma fi yawa. Kowane ɗaya daga filayen biyu yana da nisan fiye da kilomita 20 daga tsakiyar birninsa. Binciken jiki da na kaya, wanda aka fara saboda fashin jirage a shekarun 1970, ya ƙara tsauri bayan harin 11 ga Satumban 2001, sannan a 2006 aka taƙaita ruwa da turare da man shafawa da fasinja zai shiga da su. Birtaniya ba ta taɓa shiga yarjejeniyar Schengen ta buɗe iyakoki ba, saboda haka duba fasfo bai taɓa tsayawa ba. Idan aka tara zuwa fili, da jira, da tafiyar, da karɓar kaya, da shiga gari, mai tashi daga tsakiyar Landan zuwa tsakiyar Paris yakan kashe kusan awa huɗu, wato abin da fasinjan 1931 yake kashewa a jirgin da gudunsa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na na yau ba.

Wannan giɓi ne jirgin ƙasa ya shigo ta cikinsa. An daɗe ana tunanin haƙa rami a ƙarƙashin mashigin, har an fara a farkon shekarun 1880 aka tsayar saboda tsoron kada abokan gaba su bi ta ciki. Yarjejeniyar 1986 ta farfaɗo da aikin, ma'aikatan ɓangarorin biyu suka haɗu a ƙarƙashin teku ranar 1 ga Disamban 1990, Sarauniya Elizabeth ta Biyu da Shugaba François Mitterrand suka buɗe ramin ranar 6 ga Mayun 1994. Tsawonsa kilomita 50 ne, kusan 38 daga ciki a ƙarƙashin ruwa. Jirgin Eurostar ya fara aiki a watan Nuwamban shekarar, yana kai mutum daga tashar Waterloo zuwa Gare du Nord cikin kamar awa uku. Da aka kammala layin dogo mai sauri a ɓangaren Ingila aka koma tashar St Pancras a Nuwamban 2007, lokacin ya sauko zuwa kamar awa biyu da kwata. Layin dogon ya fi hanyar sama tsawo, domin ya kusa kilomita 500, amma yana ɗaukar fasinja a tsakiyar gari ya ajiye shi a tsakiyar gari. Cikin 'yan shekaru yawancin masu tafiya tsakanin biranen biyu suka koma jirgin ƙasa, kamfanonin sama suka rage yawan tashinsu.

Hanyar saman dai ba ta mutu ba. British Airways da Air France na ci gaba da tashi sau da dama kowace rana, kuma da yawa daga fasinjojin masu canjin jirgi ne, kamar wanda ya taso daga Afirka ta Yamma ya sauka Paris zai ƙarasa Landan, ko wanda zai kama jirgin Amurka a Heathrow. Ga irin wannan matafiyi, wanda ya riga ya shiga cikin fili, minti 45 na sama sun fi masa sauƙi. Ga wanda kuwa tafiyarsa daga gari zuwa gari ce, jirgin ƙasa ya fi sauri.

Tsofaffin filayen suna nan, kowanne da abin da ya zama. Le Bourget ya daina karɓar jiragen fasinja na ƙasa da ƙasa a 1977, yanzu ƙananan jiragen 'yan kasuwa ke sauka a can, kuma a nan gidan tarihin jiragen sama na Faransa yake, a nan ake baje kolin jirage duk bayan shekara biyu. Ginin fasinja na Croydon, wanda aka buɗe a 1928, ya koma ofisoshi, hasumiyarsa na tsaye. Jirgin da Blériot ya ƙetare da shi yana rataye a gidan tarihin Arts et Métiers a Paris. Hounslow Heath, inda Lawford ya tashi da fasinjansa ɗaya, ya zama filin shan iska mai ciyawa da ƙananan itatuwa, 'yan kilomitoci kaɗan daga titunan Heathrow.